Mutum Shi Kaɗai A Tsibiri: Nazari Kan Wasu Littattafan Turanci

  

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya ɗan kauce daga turbar da aka saba, domin kuwa za mu leƙa ne cikin littattafan hikaya na Turanci, irin waɗanda 'ya'yanmu su ke karantawa a makarantun boko. Game da waɗannan littattafai iyaye sun kasu biyu. Akwai masu ganin tatsuniya ce kurum, saboda haka ba su damu su san abin da yaro ya ke zubawa a ƙwaƙwalwarsa ba. Akwai kuma masu ganin duk abin da Nasara ya rubuta ɓata ne, a rufe shi tun ba a buɗe ba. Dukkansu biyu sun guje wa aiki ɗaya ne, watau sanin abin da ke ciki. Alhali kuwa waɗannan hikayoyi su na ɗauke da manyan tambayoyi na addini, su na kuma ba da amsoshinsu, yaro kuwa ya kan haɗiye amsar tare da daɗin labarin bai sani ba.

Tambayar da za mu bi ita ce: idan aka raba mutum da garinsu da danginsa da mahukuntansa, aka jefa shi inda ba kowa, me zai rage masa? Marubutan Ingila sun daɗe su na gwada wannan tambaya ta hanyar labarin tsibiri, wanda ya fi shahara kuwa shi ne Robinson Crusoe na Daniel Defoe, da aka buga a Landan a 1719.

Shi Defoe ɗan kasuwa ne da ya taɓa karyewa, kuma ɗan jarida, ya na daga cikin Kiristocin da suka ƙi bin cocin gwamnatin Ingila, har aka taɓa ɗaure shi a 1703 saboda wata ƙasida da ya rubuta. Ya kusa shekara 60 sa'ad da ya rubuta wannan littafi. A zamaninsa labarin wani ma'aikacin jirgin ruwa mutumin Sikotilan, mai suna Alexander Selkirk, ya bazu ƙwarai, wanda ya zauna shi kaɗai a wani tsibiri daura da ƙasar Chile daga 1704 zuwa 1709. Defoe ya ɗauki shekaru huɗu da 'yan watanni na Selkirk ya mai da su shekara 28.

Abin da masu taƙaita littafin domin yara su kan zubar shi ne farkonsa, a nan kuwa mabuɗin ya ke. Crusoe saurayi ne da mahaifinsa ya yi wa nasiha da hawaye cewa ya zauna gida ya riƙe matsakaiciyar rayuwa, shi kuwa ya yi kunnen ƙashi ya gudu ya shiga jirgi. A tafiyarsa ta farko guguwa ta taso, ya tsorata, ya yi ta ɗaukar wa Allah alkawari cewa in ya taka ƙasa zai koma gida ba zai sake ba. Da teku ta kwanta sai abokai suka kawo giya, alkawari ya bi ruwa. Duk almajirin da ya karanta wannan wuri zai tuna cewa Alƙur'ani Mai Girma ya riga ya siffanta wannan hali a Suratu Yunus da Suratul Ankabut da Suratu Luƙman, inda aka ba da misalin mutanen da ke tsarkake addu'a ga Allah idan igiyar ruwa ta rufe su a cikin jirgi, da zarar an tsirar da su zuwa tudu kuma sai su koma gidan jiya. Har ma a cikin littafin akwai shugaban jirgi da ya kwatanta saurayin da Annabi Yunusa, ya gargaɗe shi ya koma wurin ubansa. Saboda haka a wurin Defoe, zaman tsibiri horo ne na saɓa wa mahaifi da ƙin jin gargaɗi.

Jirgin ya fashe ran 30 ga Satumba, 1659, a lissafin littafin, kusa da bakin kogin Orinoko a Amurka ta Kudu, duk abokan tafiya suka halaka sai shi. A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. A kan ce Crusoe ya rayu da ƙarfin kansa, amma ba haka ba ne. Ya yi sawu fiye da goma zuwa ga ɓaraguzan jirgin, ya kwaso bindigogi da albarushi da gatura da kayan sassaƙa da tufafi da abinci, da kuma littattafan Baibul guda uku. Watau gumin maƙera da masaƙa da masassaƙa da bai taɓa gani ba, shi ya riƙe shi. Mutumin da ke taƙamar ya tsaya da ƙafarsa, a kan kafaɗar jama'a ya ke tsaye. Ya kuma tarar da kuɗi na kimanin fam 36 a cikin jirgin, ya tsaya ya yi musu doguwar huɗuba cewa ba su da wani amfani gare shi, wuƙa ɗaya ta fi su, sa'an nan da ya sake tunani sai ya ƙunshe su ya tafi da su. Allah Sarki, ɗan Adam ke nan.

Wurin da ya fi kowane zurfi a littafin, a ganinmu, shi ne labarin sha'ir. Wata rana Crusoe ya ga waɗansu zangarniyoyi goma ko goma sha biyu na sha'ir sun fito a gindin dutse, a ƙasar da ba a san wannan tsiro ba. Mutumin da bai taɓa damuwa da addini ba sai ga shi ya na hawaye, ya na cewa Allah ne Ya tsirar da abinci dominsa ba tare da iri ba. Can daga baya sai ya tuna ashe shi ne ya kakkaɓe wani tsohon buhun abincin kaji a wurin kafin saukar ruwan sama. Da tuna wannan sai godiyarsa ta fara dushewa, domin abin ya tashi daga mu'ujiza ya koma al'ada.

To, jama'a, wannan ita ce cutar da ta kama masu ilmin zamani da yawa, har a cikinmu. Su na zaton idan aka gano sababin abu, to an sallami Mai sababin. In an san yadda girgije ke haɗuwa, ba sauran roƙon ruwa. In an san ƙwayar cuta da maganinta, ba sauran godiya ga Mai warkarwa. A wurinsu Allah Ya na bayyana ne kurum a inda ilmi ya gaza, saboda haka kullum ilmi ya ƙaru sai imani ya ragu. Musulmi kuwa an koya masa akasin haka. Suratul Waƙi'a ta jawo hankalin manomi ga irin da shi da kansa ya shuka da hannunsa, ta tambaye shi wane ne mai tsirar da shi, ba ta jira sai an sami shukar da ba iri ba. Ayar Allah ta na cikin abin da aka saba gani kullum. Don a yi wa Defoe adalci, shi ma ya kai jaruminsa ga wannan fahimta daga baya, inda Crusoe ya gane cewa kuɓutar 'yan ƙwayoyi goma sha daga bakin ɓeraye, da faɗuwarsu a inuwar dutse maimakon inda rana za ta ƙone su, shi ma tanadi ne na Ubangiji. Kuma bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya adana irin, ya shuka kashi biyu cikin uku ya yi asara saboda rashin sanin lokacin damina a wurin, ya sake shuka ragowar, bai yarda ya ci ko ƙwaya ɗaya ba sai a shekara ta huɗu. Wannan ya yi kusa da abin da hadisin ɗaure raƙumi, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya ke koyarwa game da haɗa tawakkali da riƙon sababi.

Tubarsa ta gaskiya ta zo ne ta hanyar ciwo. Zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a shekararsa ta farko, ba mai ba shi ko ruwa, ya yi mummunan mafarki, ya buɗe akwati neman taba don magani sai ya ci karo da Baibul. Daga nan ya fara addu'a, har ya kai ga gane cewa kuɓuta daga zunubi ta fi kuɓuta daga tsibiri. Wannan kyakkyawar magana ce, ko daga bakin wa ta fito.

Amma akwai inda littafin ya ke da tabo, kuma wajibi ne ɗan Afirka Musulmi ya gan shi. Ina Crusoe za shi sa'ad da jirginsa ya fashe? Ya taso ne daga gandunsa na Barazil zai zo gaɓar Gini, watau yammacin Afirka, sayen bayi. Kafin wannan kuma shi kansa ya taɓa zama bawa shekara biyu a hannun 'yan fashin teku na garin Sale a Maroko, ya gudo tare da wani yaro Musulmi mai suna Xury, wanda ya yi masa hidima da amana a cikin haɗari. Da wani jirgin Fotugal ya cece su, sai Crusoe ya sayar da yaron ga mai jirgin a kan azurfa 60, bisa sharaɗin za a 'yanta shi bayan shekara 10 idan ya zama Kirista. Duk tsawon shekarun da ya yi ya na lissafin zunubansa a tsibiri, ya yi kukan saɓa wa ubansa, ya yi kukan rashin godiya, amma bai taɓa sanya cinikin mutane a cikin lissafin ba. Inda ya yi da-na-sanin rabuwa da yaron ma, don ya rasa mai taya shi aikin gona ne. Haka kuma mutumin da ya ceto daga hannun masu cin naman mutane bayan fiye da shekara 20, bai tambaye shi sunansa ba, sai ya raɗa masa sunan ranar da ya same shi, Juma'a, mu da mun ce Ɗanjuma, ya kuma koya masa ya riƙa kiransa ubangida. Tuba irin wannan ta gyara tsakanin bawa da Ubangijinsa a zatonsa, ta bar haƙƙin bayin Allah a gefe, malamanmu kuwa sun sanya mayar da haƙƙin mutane cikin sharuɗɗan tuba.

Wani abin mamaki kuma: bayan kimanin shekara 15 ya na kukan kaɗaici, ranar da ya ga sawun ƙafar mutum ɗaya a kan rairayi, maimakon murna sai tsoro ya kama shi har ya kasa barci, ya ce da bakinsa tsoron ya kore masa dogaro ga Allah na wani lokaci. Imanin da ya jure wa girgizar ƙasa da zazzaɓi sai ga shi ya raurawa saboda sawun ɗan'uwansa mutum.

Yanzu bari mu koma baya da shekara 500 da ɗoriya. Da yawa daga masu karanta Crusoe ba su san cewa wani malamin Musulunci ya riga Defoe rubuta labarin mutum shi kaɗai a tsibiri ba. Shi ne Abubakar Ibn Ɗufail, mutumin Andalus, likitan Sarki Abu Ya'aƙub Yusuf na daular Muwahhidai, wanda ya rasu a Marrakesh a 1185. Littafinsa Hayyu bin Yaƙzan an juya shi zuwa Latin a Oksfod a 1671, aka juya shi zuwa Turanci a 1674 da 1686, sa'an nan Simon Ockley ya fassara shi kai tsaye daga Larabci a 1708, shekara 11 kafin fitowar Crusoe. Masana sun yi saɓani kan ko Defoe ya karanta shi, amma ba a musun cewa littafin ya na hannun masu karatun Ingila a lokacin.

Hayyu jariri ne da ya tashi a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta ya na neman abin da ya hana ta motsi don ya kawar da shi, ya tarar da wani gurbi a zuciyarta ba kome a ciki, daga nan ya gane cewa abin da ya ke ƙauna ba wannan gangar jiki ba ne, wani abu ne da ya fita ya bar ta. Haka ya yi ta hawa mataki mataki, daga nazarin dabbobi da tsirrai da wuta zuwa taurari, har ya tabbatar da cewa duk wannan halitta ta na da Mahalicci guda wanda bai yi kama da kome ba. Ya na kimanin shekara 50 wani mai ibada, Absal, ya zo tsibirin, ya koya masa magana, ya ba shi labarin Manzo da shari'a, Hayyu ya gaskata ya karɓi salla da azumi da sauran farillai.

Bambancin a fili ya ke. Crusoe ya shiga tsibiri da kayan aiki da littafi, hankalinsa ya na kan mallakar wurin, har ya na kiran kansa sarki. Hayyu ba shi da kome sai fiɗirar da Allah Ya halicce shi a kanta, wadda Suratur Rum ta ambata, hankalinsa kuma ya na kan sanin Mai wurin. Sai dai kada a ɗauki hikayar Ibn Ɗufail ta zama hujjar cewa hankali ya wadatar ga barin wahayi. Malaman tauhidi sun tattauna wannan mas'ala: Maturidawa su na ganin hankali ya na wajabta sanin Mahalicci, Ash'arawa kuwa, waɗanda mafi yawan malaman ƙasarmu na da suka bi, su na ganin ba a kama mutum da laifi sai saƙon Manzo ya iske shi, su na kafa hujja da Suratul Isra'i. Ko a cikin hikayar, Hayyu bai san yadda a ke salla ba sai da Absal ya zo. Da ya je wa'azi ga mutanen tsibirin Salaman kuma suka kasa ɗaukar zurfin maganarsa, sai ya gane hikimar shari'a da ta zo daidai da abin da jama'a za su iya, ya ba su haƙuri ya ce su riƙe abin da ke hannunsu.

Littafi na uku na ƙarnin da ya shige ne. William Golding malamin makaranta ne da ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga abin da mutanen da ke kiran kansu wayayyu suka yi wa juna. A 1954 ya fitar da Lord of the Flies, ma'ana Ubangidan Ƙudaje, laƙabin da ke nuni ga Shaiɗan a al'adar Yahudu da Nasara. Ya sami lambar Nobel a 1983. A nan ba mutum ɗaya ba ne, tarin yara 'yan makaranta ne na Ingila da jirgin sama ya faɗi da su a tsibiri ana cikin yaƙi, ba babba ko ɗaya. Da fari sun yi abin kirki. Sun zaɓi shugaba, Ralph, sun sa doka cewa sai mai riƙe da wani ƙaton ƙwanson dodon-koɗi zai yi magana a taro, sun hura wuta a kan dutse da tabarau ɗin wani yaro don jirage su hango hayaƙi. Zaɓen shugaba ko a tafiyar mutum uku abu ne da hadisin Abu Dawuda ya yi umurni da shi. Amma sannu a hankali Jack, wanda shi ne shugaban 'yan waƙar coci, ya ja yara zuwa farauta, aka bar wuta ta mutu ranar da jirgi ya gitta. Tsoron wani dodo da ba shi ya shige su, suka kafa kan alade a bisa sanda su na yi masa baiko. Yaron da ya gano cewa dodon gawar wani sojan laima ce, Simon, ya zo ya gaya musu sai suka kashe shi cikin rawa. Suka kashe na biyu, suka cinna wa tsibirin wuta su na farautar Ralph, sai ga hafsan jirgin yaƙi ya iso.

Golding ya na da gaskiya a abu biyu. Tsoro idan ba a san Allah ba ya kan haifi gunki, kuma doka da ba ta da gindi a zuciya ba ta wuce ƙwanson da dutse ɗaya zai farfasa ba. Abin lura, yaran nan da suka fito daga makarantun Kirista, har da 'yan waƙar coci, ba a nuna sun taru sun yi addu'a ba. Inda mu ke rabuwa da shi shi ne tushen maganar. Labarin ya ginu ne a kan aƙidar zunubin gado, cewa mugunta ita ce asalin mutum, tarbiyya kuwa fenti ce a bisa. Musulunci bai musa rai mai yawan umurni da mugun aiki ba, Suratu Yusuf ta ambace shi, mala'iku ma sun yi tambaya game da ɓarna da zubar da jini tun kafin a halicci Adamu. Amma asali a wurinmu fiɗira ce, ba a haihuwar yaro da laifin wani a wuyansa, ɓarna daga baya ta ke shigowa.

A kan wannan akwai labari na gaske da ya kamata a ajiye kusa da hikayar. A watan Yuni na 1965 wasu yara shida 'yan makarantar kwana a ƙasar Tonga, cikin tekun Pasifik, suka ɗauki kwalekwalen wani masunci suka gudu. Guguwa ta lalata shi, suka yi kwana takwas ruwa na yawo da su, har suka faɗa wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata. Wata 15 suka yi a can. Sun raba aiki bibbiyu, sun yi lambu, sun tara ruwan sama, sun riƙe wutarsu ba ta mutu ba, su na buɗe yini su rufe shi da waƙa da addu'a. In biyu sun yi faɗa sai a raba su kowa ya tafi gefe har zuciya ta huce. Ɗaya ya faɗi ya karye a ƙafa, suka ɗora shi da itace, ya warke. A watan Satumba na 1966 wani mai jirgi mutumin Ostireliya, Peter Warner, ya hango su ya kwaso su, bayan a gida an riga an yi zaman makokinsu. Da suka sauka kuwa sai aka kulle su saboda kwalekwalen da suka ɗauka ba izini, sai da Warner ya biya mai shi kuɗinsa kana aka sake su.